Zus a kan allo, Inna a bakin ƙofa

Duk malamin Faransanci da ya taɓa buɗe wasan Phèdre na Racine, wanda aka fara nunawa a Paris a 1677, ya san ba a fahimtar shafin farko sai an zana wa ɗalibai salsalar gumakan Girka a kan allo. Sai a ce musu Kuronos ya haɗiye ƴaƴansa don tsoron su ƙwace masa mulki, Zus ya kuɓuta, ya kifar da uban, ya auri Hera wadda suke uwa ɗaya uba ɗaya. A ce musu Zus ya rikiɗe bijimi ya sace Europa, ya rikiɗe tsuntsu ya je wa Leda, ya haɗiye matarsa Metis har Atena ta fito ta kansa. A ƙara da cewa Afrodit matar maƙeri Hefaistos ce, amma Ares take so, kuma mijin ya kama su da ragar ƙarfe ya kira sauran gumaka su yi kallo. Yaro daga Agye ko Gazawa yakan kwafe wannan duka a littafinsa da kyakkyawan rubutu, a kira shi ilimin wayewa, a ba shi maki.

To a tambayi yaron nan wace ce Inna, mene ne tsakaninta da Barhaza, me ya sa Ɗan Galadima ba ya riƙe dukiya. Ko dai ya yi dariyar kunya, ko ya nemi tsari. Malamin da ya yi awa guda a kan kishin Hera shi ma zai ce wannan ba maganar aji ba ce. Nan gizo ke saƙa, domin mudu biyu ake aunawa da su, kuma ƙaramin ne aka ware wa kayan gida.

Iskokin Bori suna da dangantaka mai tsari, wadda manazarta suka daɗe da rubutawa. Tremearne ya tattara sunayensu a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus, ya buga a 1914. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano, ya fitar da littafinsa a 1946, inda aka ga Kure da matarsa Uwar Dawa. A nan kwarin Maraɗi, Jacqueline Monfouga-Nicolas ta buga nazarinta a kan Bori a 1972, Guy Nicolas ya biyo da nasa a kan zamantakewar yankin a 1975. Fremont Besmer, a 1983, ya bayyana birnin Jangare da gidajensa 12 kamar yadda ƴan Borin Kano suka shaida masa: Sarkin Aljan Sulemanu a bisa gadon sarauta, Inna Bafilatana a cikin matansa, ga gidan Malam Alhaji, ga na kutare, na makafi, na Filani, na mahauta, na arna. Akwai aure da kishi, akwai ɗan riƙo, akwai kunya tsakanin wasu iskoki da wasan barkwanci tsakanin wasu. Duk littattafan nan da Turanci ko Faransanci aka rubuta su, kuma baƙi ne suka rubuta. Jikokin waɗanda suka ba da labarin sai su je jami'a kafin su ji shi, in ma sun ji.

Wanda ya dubi wannan salsala da idon basira zai ga hoton al'umma ne. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da caca da kyautar da ba ta san gobe ba, irin wanda kowace fada ta sani. Malam Alhaji tsoho ne mai tari da tasbaha, shaida ce cewa masu wannan al'ada sun zauna da Musulunci har suka ba shi gida a cikin birninsu. Auren Bafilatana a gidan sarki yana faɗin abin da tarihin Gobir da Katsina ya faɗa game da zaman manomi da makiyayi: ƙawance da tsoro a ƙwarya ɗaya. Doguwa kuwa, a ƙasar Maraɗi, fara ce kuma baƙa ce, mai ba da albarka mai kuma shanye jiki. Haka Girkawa suka zuba damuwarsu a kan gado da mulki da amanar aure cikin labarin gidan Zus, suka bayyana lokacin da ƙasa ke bushewa da baƙin cikin Demeta bayan an sace ɗiyarta. Aikin tunani iri ɗaya ne. Wanda ya yarda na farko adabi ne, da wace hujja zai ce na biyu shirme ne?

Hujjar da ake kawowa ita ce ta addini, kuma ba ta cancanci raini ba. Ana cewa gumakan Girka sun mutu tun ƙarnoni, ba mai yanka wa Zus ko kaza, amma har yau ana kaɗa goge da ƙwarya, ana girka, iskoki na hawan dawakinsu. Gaskiya ne. Sai dai sanin abu daban, bauta masa daban, kuma malaman Musulunci ne suka fara nuna wannan bambanci. Suratun Najmi ta ambaci Lata da Uzza da Manata da sunayensu. Hishamu ɗan Kalbi, masanin Kufa da ya rasu a farkon ƙarni na 9, ya rubuta littafi sukutum a kan gumakan Larabawa, ya faɗi ƙabilar da ke bauta wa kowane da inda aka kafa shi. A zaurukan ilimi na ƙasar Hausa ana karanta waƙoƙin Jahiliyya, har da na Imru'ul Ƙaisi mai yawan zancen mata, don neman Larabci, ba wanda ya ce almajirin ya bar addini. Girkawa kansu sun soki gumakansu: Zenofan ya zargi Homer da Hesiyod da jingina musu sata da zina da yaudara, Aflatun ya nemi a hana yara jin irin waɗannan labarai. An yi sukar, an kuma adana littattafan, shi ya sa Racine ya sami abin rubutawa bayan shekara 2000.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Tarihin Musuluncin yankin ba ya fahimtuwa in an goge Inna. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, wadda ke cikin gundumar Gidan Runji a yau, suka zo da sarautar Inna, mace daga gidan sarauta mai shugabantar mata da ƴan Bori. A Maraɗi, wurin Katsinawa, Iya ce ke riƙe da irin wannan matsayi. Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa ƙungiyar Ƴan Taru don karantar da matan karkara, ta naɗa jajis tana sa musu malfa, kuma Jean Boyd ta nuna cewa malfar nan alamar iko ce da aka sani a kan Innar Gobir. Asma'u ta san abin da take gasa da shi, ta ɗauki tufarsa ta sauya masa ma'ana. Ɗalibin da aka hana sanin Inna zai haddace sunan Asma'u, amma ba zai gane girman dabararta ba.

Sai a ja kunnen ɗaya ɓangaren kuma, masu ɗokin kiran Jangare dutsen Olimfos na Hausawa. Kwatancen yana da iyaka. Anna da Maguzawa ba su ɗauki iskoki a matsayin mahalicci ba, sun san Allah yana sama da komai, iskoki halittu ne da ke kusa da mutane, masu sa ciwo da warkarwa. Fassara iska da kalmar Faransanci mai nufin abin bauta kuskure ne da ke ba masu suka makami. Salsalar ma ba ɗaya ba ce: abin da aka ji a Kano ba lalle ya zama shi ne na Tsibiri ko Dogon Dutsi ba, kamar yadda Homer ya ce Zus ne ya haifi Afrodit, Hesiyod ya ce daga kumfar teku ta fito. Malami mai gaskiya zai kawo ruwayoyin a jere, ya faɗi garin kowace.

Abin da ake nema kaɗan ne. Malamin Hausa da na Faransanci su haɗa darasi ɗaya, salsala biyu a kan allo ɗaya, ɗalibai su nemo inda aka yi kama da inda aka rabu, ba kiɗa, ba hawa, ba yanka. Ƙungiyoyin al'adu na Agye da Gazawa da Gidan Runji su je wurin tsofaffin makaɗa da zabiyoyi, da izininsu, su naɗi kirari da bayanin dangantaka, su rubuta da Hausa, su ajiye kwafi a cibiyar CELHTO ko ta IRSH a Yamai. A cikin kirarin nan akwai tsofaffin kalmomi na sarauta da sana'a da itatuwan magani waɗanda ƙamus bai kama ba, kuma kowane makaɗi da aka binne da nasa rabon yake tafiya.

A 2025 dokar sake gina ƙasa ta Nijar ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Harshe kuwa da kayansa yake zuwa aji. In aka shigo da nahawunsa aka bar tunanin masu shi a bakin ƙofa, ɗalibin Gazawa zai ci gaba da lissafa matan Zus ɗaya bayan ɗaya, ya kasa faɗin dalilin da ya sa ake kiran wata sarauniya a Tsibiri da sunan Inna. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.