Kwalejojin Shekara Biyu a Amurka: Me Ke Hana Ɗalibansu Isa Jami'a?

A ƙasar Amurka akwai waɗansu makarantu kimanin dubu ɗaya waɗanda ake kira kwalejojin al'umma. Karatunsu na shekara biyu ne, kuma galibinsu suna karɓar duk wanda ya gama makarantar sakandare, ko da sakamakonsa bai taka kara ya karya ba. Ɗalibai masu ɗimbin yawa suna shiga cikinsu ne da niyyar su yi rabin karatun digiri a kan kuɗi kaɗan, kusa da gida, sa'an nan su ƙaura zuwa jami'a su ƙarasa sauran shekara biyun.

Shirin yana da kyau a takarda, amma alƙaluma sun nuna kaɗan ne suke kai gaci. An ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na masu shiga waɗannan kwalejoji suna da burin samun digiri. Cikin shekarar 2016 cibiyar nazarin kwalejojin, wadda ke Jami'ar Kolombiya a birnin Niyok, ta ba da rahoto a kan ɗaliban da suka fara karatu a 2007. Kashi 33 cikin 100 ne suka ƙaura zuwa jami'a, kashi 14 kacal suka sami digiri cikin shekara shida. Da aka sake binciken a 2024 sai aka tarar abin ya ɗan motsa ne zuwa kashi 16. Lalle ya kamata a duba inda gizo yake saƙar.

ASALIN KWALEJOJIN

An kafa ta farko a cikin na gwamnati da ke nan har yau a garin Joliet na Jihar Ilinoyi, cikin shekarar 1901, da ɗalibai shida. Shugaban Jami'ar Shikago na lokacin, William Rainey Harper, yana cikin waɗanda suka assasa ta. A ra'ayinsa, shekara biyun farko na jami'a ci gaban karatun sakandare ne, saboda haka ana iya yinsu a wani wuri, jami'a kuwa ta ji da bincike mai zurfi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsofaffin sojoji suka yi wa makarantu tsinke, domin dokar 1944 ta ɗauke musu nauyin kuɗin karatu. A 1947 wata hukuma da Shugaba Truman ya naɗa ta ba da shawarar a baza kwalejojin shekara biyu ko'ina cikin ƙasa, ita ce kuma ta yayata sunan da ake kiransu da shi yanzu. A 1960 Jihar Kalifoniya ta tsara manyan makarantunta hawa uku. Jami'ar Kalifoniya za ta ɗauka daga cikin kashi ɗaya bisa takwas na waɗanda suka fi ƙwazo a sakandare, kwalejojin jiha su ɗauka daga kashi ɗaya bisa uku, kwalejojin al'umma kuwa su buɗe ƙofa ga kowa, tare da alkawarin cewa wanda ya yi ƙoƙari a ƙasa zai hau sama.

ABIN DA AKE KARANTAWA

Tsarin digirin Amurka shi ya sa wannan ƙaura take yiwuwa. A can, ɗalibi ba ya faɗawa cikin fanni guda tun ranar farko. Shekara biyun farko yakan yi su ne yana karatun gama-gari, watau rubutun Turanci, adabi, tarihi, falsafa, lissafi, ɗan abin da ya samu na kimiyya, da nazarin zaman jama'a. Manufa ita ce a koya masa karatu da lura, da rubutu mai tsari, da kafa hujja, kafin ya tsunduma cikin fanninsa a shekara ta uku.

Kowane darasi yana da awonsa, gwargwadon sa'o'in da ake zama a aji a mako. Yawancin darussa awo uku ne. Digiri yana bukatar awo 120, takardar shaidar kwalejin al'umma kuwa awo 60. Wanda ya tara sittin ɗinsa a kwaleji, a ƙa'ida, sai ya ɗauke su ya kai jami'a ya shiga aji uku.

Bambancin kuɗi ba kaɗan ba ne. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, matsakaicin kuɗin makaranta a kwalejin al'umma ga ɗan yankin dala 3,990 ne a shekara, a jami'ar gwamnati kuwa ga ɗan jiha dala 11,260. A Kalifoniya, inda ake da kwalejoji 116, ɗan jiha yana biyan dala 46 a kan kowane awo, kafin 1984 ma ba a biyan kuɗin karatu. Akwai sanannun mutane da suka bi wannan hanya. Eileen Collins, mace ta farko da ta shugabanci jirgin sama jannati na Amurka a 1999, ta fara ne a kwalejin Corning kafin ta wuce Jami'ar Syracuse. George Lucas mai shirya fim shi ma daga kwalejin Modesto ya fito.

INDA AWO YAKE ZUBEWA

Babbar matsala tana bakin ƙofar jami'a. A 2017 ofishin da ke binciken ayyukan gwamnati domin Majalisar Dokokin Amurka ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi hasarar kimanin kashi 43 cikin 100 na awon da suka tara. Ma'ana, mutum ya biya kuɗi, ya zauna a aji, ya ci jarrabawa, amma sabuwar makarantar ta ce ya sake. Arhar da ya bi tun farko sai ta koma tsada, ga shi kuma tallafin karatu na Gwamnatin Tarayya yana da iyakar lokaci.

Dalilin kuwa shi ne malaman kowane sashe na jami'a su ke da ikon cewa darasin da aka yi a wani wuri ya yi daidai da nasu ko bai yi ba. Sau da yawa akan karɓi darasin a rubuta shi cikin takardar ɗalibi, amma a ƙi lissafa shi cikin waɗanda fanninsa yake bukata. Bugu da ƙari, masu ba da shawara a kwalejoji sun yi kaɗan, har ɗalibi yakan ɗauki darussa barkatai ba tare da sanin abin da jami'ar da yake hari take so ba. Har wa yau, wajen kashi biyu cikin uku na ɗaliban ba cikakken karatu suke yi ba, domin suna aikin neman abinci, waɗansu kuma da iyali. Shekara biyu takan zama huɗu, kafin nan wata larura ta gitta.

Wanda ya tsaya a tsakiyar hanya shi ya fi kowa cutuwa. Mai takardar shekara biyu a aikin jinya ko aikin lantarki yana iya fita ya sami aiki da ita. Mai takardar karatun gama-gari kuwa, bincike ya sha nuna cewa ƙarin albashin da take jawo masa kaɗan ne, domin an tsara ta ne ta zama rabin digiri. Darajarta ta rataya a kan ko jami'a za ta karɓe ta.

MATAKAN JIHOHI

Jihohin da suka ɗauki al'amarin da muhimmanci sun rubuta shi cikin doka. Tun 1971 Jihar Filorida ta yi yarjejeniya cewa duk wanda ya sami takardar karatun gama-gari daga kwalejin gwamnatinta yana da gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in jihar. Ta kuma sa darussa iri ɗaya su ɗauki lamba ɗaya a dukkan makarantun gwamnati, don kada a yi gardama a kansu.

Kalifoniya ta kafa tata dokar a 2010. Ta ƙirƙiro takardar shaida ta musamman domin ƙaura, wadda mai ita yake da tabbacin shiga aji uku a Jami'ar Jiha ta Kalifoniya, kuma idan ya ci gaba a fanni makamancin nasa ba za a nemi ya yi fiye da ƙarin awo 60 ba. Sai dai tabbacin bai haɗa da harabar da ɗalibi yake so ba, bai kuma ɗaure ɗaya jami'ar, watau Jami'ar Kalifoniya mai rassa a Berkeley da Los Angeles, ba. A 2024 Mai Binciken Kuɗi na jihar ya tarar cewa kimanin ɗaya cikin biyar na masu niyyar ƙaura ne suka ƙaura cikin shekara huɗu. Wata dokar 2021 ta tilasta wa jami'o'in biyu su amince da jerin darussan gama-gari guda ɗaya, an kuma fara aiki da shi a 2025.

'Yan siyasa kuwa sun fi karkata ga soke kuɗin makaranta. Jihar Tenesi ta yi haka ga waɗanda suka gama sakandare, da dokar 2014. Shugaba Obama ya nemi a yi wa ƙasa baki ɗaya a 2015, Shugaba Biden ya sake nema a 2021, duka biyu Majalisa ba ta zartar ba. Karatu kyauta yana ƙara yawan masu shiga, amma ba ya tilasta wa wani shugaban sashe ya karɓi darasin da ba a ajinsa aka yi ba.

ABIN LURA

Ɗaliban Nijeriya sun san makamancin wannan. Masu jarrabawar IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello, da masu takardar NCE, da masu ƙaramar difloma, duk suna neman shiga jami'a kai tsaye. Mai difloma da ya yi shekara biyu a kwalejin kimiyya da fasaha galibi aji biyu ake sa shi, watau shekara guda ta tafi. Abin da ya faru a Amurka ya nuna wa masu tsara ilmi cewa buɗe ƙananan makarantu shi ne sashen aikin mai sauƙi. Mai wuyar shi ne a sa manyan makarantu su yarda, a rubuce, da abin da aka koyar a ƙanana.

Ɗalibin da yake tunanin bin wannan hanya zuwa Amurka kuwa, ya sani cewa baƙo yana biyan ninkin abin da ɗan jiha yake biya, wani lokaci sau da yawa. Kafin ya biya ko kwabo, ya kamata ya zaɓi jami'ar da yake nufi da fannin da yake so, ya nemi ganin yarjejeniyar da ke tsakaninta da kwalejin, ya kuma gwada kowane darasi da abin da ke cikinta. Da ma Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.