Ba Kowace Bakteriya Ce Ƙwayar Cuta Ba

A wannan makon ƙarar wata kalma muka kawo gabanku: "ƙwayar cuta". Wasu masu fassara labarai da masu rubutun wayar da kai sun mayar da ita kuɗin goro, duk halittar da ido ba ya gani da ita suke kiranta. Matsayarmu ita ce wannan ƙazafi ne, kuma marubucin da ya dage a kansa yana koya wa mai karatunsa abin da ba haka yake ba. Ga shaidarmu.

Akwai wasu sinadarai biyu masu ɗauke da kulorin, PCE da TCE. Na farkon da shi ake wankin kwat da manyan kaya ba tare da ruwa ba, na biyun kuma da shi masana'antu ke wanke maiƙo daga jikin ƙarfe. Duka biyun sun fi ruwa nauyi, don haka in suka zube sai su nutse su kwanta a ƙarƙashin ruwan da rijiyoyi ke ja, su shafe shekaru gommai suna gurɓata shi. A barikin soja na Lejeune da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, sojoji da iyalansu sun sha irin wannan ruwa daga 1953 zuwa 1987. A 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya TCE cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, musamman ta ƙoda.

A 1997 masu bincike a Jami'ar Cornell, ciki har da James Gossett da Stephen Zinder, suka sanar da ware wata bakteriya da asalinta ya fito daga laka ta matatar ruwan bahaya. Sunanta a yau Dehalococcoides mccartyi, don karrama Perry McCarty na Jami'ar Stanford. Yadda mu ke shaƙar oksijin don mu ci moriyar abinci, haka ita ke amfani da wannan guba a madadin oksijin, abincinta kuma iskar haidirojin. PCE na da ƙwayar zarra huɗu ta kulorin. Sai ta cire ɗaya ta sa haidirojin a gurbinta, ya koma TCE. Ta sake cirewa, ya koma DCE, sannan binil kuloraid. In ta cire ta ƙarshe, abin da ya rage shi ne etilin, iskar nan da ke nunar da ayaba da mangwaro. Kulorin ɗin kuwa ya narke cikin ruwa irin na gishiri.

Ba a ɗakin gwaji abin ya tsaya ba. A Jami'ar Toronto ta Kanada, Elizabeth Edwards ta reni wani haɗin bakteriya mai suna KB-1 wanda yau ake sayar da shi. Ana tura shi ƙarƙashin ƙasa ta rijiyoyin burtsatse, a haɗa da man girki ko ruwan rake mai kauri. Wasu bakteriyar ne ke ruɓar da wannan abinci su fitar da haidirojin, su kuma samar mata da bitamin B12 da ba ta iya haɗawa da kanta. Oksijin na kashe ta, shi ya sa ake ɗaukar ta cikin tankunan da iska ba ta shiga.

To yanzu marubuci ya zo ba da wannan labari da kalmar nan tasa. Zai rubuta cewa injiniyoyi sun zuba ƙwayoyin cuta a rijiya domin ruwan ya gyaru. Wane mai unguwa ne zai karanta wannan ya yarda a taɓa rijiyar garinsa? Mu da muka san yadda jita-jita ta tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ba ma bukatar a gaya mana nauyin kalma.

Masu kare kalmar za su ce ta riga ta zauna, kowa ya gane ta. Ina ganewar? Bakteriya ce ke mayar da madara kindirmo, ita ke mayar da kalwa daddawa. In duk ƙwayoyin cuta ne, ashe kullum da cuta muke kaɗa miya? Wasu kuma za su ce "bakteriya" ba Hausa ba ce. Mota da asibiti da littafi ma ba daga bakin kakanninmu na farko suka fito ba, kuma ba wanda ya kore su.

Sai dai kada mu tsere wa ƙazafi mu faɗa zuzutawa. Binil kuloraid ya fi PCE haɗari, kuma in aikin ya tsaya a nan, an gudu ne ba a tsira ba. Ba kowane nau'in wannan bakteriya ke iya kammala matakin ƙarshe da sauri ba. Aikin na cin watanni, wani lokaci shekaru. Kuma ba ta da abin yi da gubar dalma irin wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, domin dalma ba haɗin sinadarai ba ce da za a warware. Marubucin da ya ɓoye wannan ya yi laifi irin na wanda ya kira ta cuta.

Batun kuma ya shafe mu. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda Nijeriya da Nijar ke ciki, ta wajabta kawar da PCB, wani dangin waɗannan sinadarai da ake samu a man tsofaffin taransifoma. Ranar da za a zo yi wa jama'armu bayanin yadda ake tsabtace ƙasar da irin wannan ya gurɓata, da kalmomin da muka shuka za a yi shi.

Shawararmu mai sauƙi ce. Mu rubuta "bakteriya" a matsayin sunan jinsin, "ƙananan halittu" in muna nufin dukkansu, mu bar "ƙwayar cuta" ga wadda ke sa kwalara ko tarin fuka. Wanda ke da kalmar da ta fi waɗannan, ya kawo ta a ƙasa tare da hujjarsa, mu auna. Allah Ya sa mu dace.