ARAHA BA TA ADO: Kantunan Rangwame Da Cefanen Mutanen Lafiya

A wannan mako filin namu zai ya da zango ne a garin Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, domin mu duba wata al'ada da ke ƙara kankama a can, kamar yadda ta kankama a sauran manyan garuruwan ƙasar nan. Al'adar kuwa ita ce yin cefane a kantunan zamani, inda mai saye ke ɗaukar kwando ya zaɓi kaya da hannunsa, sa'an nan ya biya a bakin ƙofa. Yawancin waɗannan kantuna da kalma ɗaya suke jawo jama'a, watau rangwame. Za ka gan ta rubuce da jan fenti a ƙofar shiga, an kuma liƙa ta a jikin kwalayen kaya, har magidanci ya ɗauka cewa muddin ya shiga to ya tsira daga tsadar kasuwa. Abin da ya kamata mu bincika shi ne, shin arahar nan ta gaskiya ce, kuma kayan da ake sayarwa a kanta suna da kyau?

Dalilin da ya sa maganar ta zama abin dubawa ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga tsohuwar Jihar Filato a ran 1 ga Oktoba, 1996, garin Lafiya ya cika da ma'aikata da 'yan makaranta, musamman bayan kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Da yawansu ba su da gona ko rumbu, duk abin da za a ɗora a kan murhu sai sun saya da albashi. Bayan an janye tallafin man fetur a ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, kayan abinci suka bi bayansa, har a watan Yuni na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Mutumin da ke cikin wannan hali, in ya ga an rubuta rangwame, ba za a ga laifinsa ba don ya leƙa.

Shi dai kantin rangwame ya yi suna sosai a Jamus. Wasu 'yan'uwa biyu, Karl da Theo Albrecht, su ne suka karɓi ɗan kantin mahaifiyarsu a garin Essen bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka yi ta faɗaɗa shi har ya zama kamfanin Aldi. Daga baya kamfanin Lidl ya bi sahu, ya buɗe kantinsa na farko irin wannan a 1973. Dabararsu mai sauƙin fahimta ce. Suna kasa kaya iri kaɗan ne, waɗanda kowane gida ke bukata kullum. Suna sayen kowane iri da yawan gaske kai tsaye daga masana'anta, su sa masa sunansu, su ajiye shi cikin kwalinsa ba tare da ƙawa ba, su kuma ɗauki ma'aikata kaɗan. Watau arahar tasu daga rage kuɗin tafiyar da kanti take fitowa, shi ya sa take ɗorewa. Duk da haka, ko a can Turai matsa wa masu kawo kaya lamba a kan araha ya taɓa jawo abin kunya, domin a 2013 an gano naman doki a cikin abincin da aka rubuta masa naman shanu a manyan kantuna da dama, har da Aldi.

To, a nan ƙasar fa? Mai kanti a Lafiya ba shi da halin rage waɗannan kuɗaɗe. Galibi shago ɗaya ko biyu gare shi, saboda haka daga hannun diloli yake sari, a Abuja ko Kano ko Anacha, da kuɗin mota a kai. Dole ya kunna firji da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, in an ɗauke wuta ya koma ga janareta mai shan man gas. Ga kuɗin haya, ga albashin masu gadi da masu karɓar kuɗi, ga haraji iri iri. Waɗannan nauye-nauye sun durƙusar da manya ma. Dattawa za su tuna da kantunan Kingsway da Leventis da UTC, waɗanda a da su ne abin alfahari a biranen ƙasar nan. Kamfanin Shoprite na Afirka ta Kudu, wanda ya shigo Legas a 2005, ya kuma buɗe reshe a Kano a 2014, ya sayar da harkarsa ta Nijeriya a 2021, reshen Kano kuwa aka rufe shi a watan Janairu na 2024. Idan raƙumi ya kasa ɗaukar kaya, sai a tambayi yadda jaki ya yi ya ɗauka har yake yin ragi.

Amsar ita ce, rangwamen da ake gani yakan zo ta hanyoyi huɗu, kuma ya kamata mai karatu ya san su. Ta farko ita ce a karya farashin abu ɗaya ko biyu da kowa ya san kuɗinsu, kamar sukari ko taliya, domin a jawo mutum ciki, sa'an nan a fanshe a kan sauran kayan da bai riƙe farashinsu a ka ba. Ta biyu ita ce rage awo. A ce ledar shinkafa mai giram 900 ana sayar da ita Naira 1,800, wata kuma mai kilo ɗaya cif Naira 1,900. Ido zai ce ta farko ta fi araha, alhali kuwa in aka yi lissafi kilonta ya kama Naira 2,000 ke nan. Ta uku ita ce karyar da kayan da kwanakinsu suka kusa ƙarewa. Wannan ba laifi ba ne matuƙar an sanar da mai saye, amma wanda ya kwashi katan na madara don yara, ya je gida ya tarar saura mako biyu ta lalace, ai hasara ya sayo.

Hanya ta huɗu ita ce mafi muni, watau a rubuta farashi ɗaya a kan kanta, a karɓi wani a wurin biya. A watan Fabrairu na 2024 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta rufe kantin Sahad da ke Garki a Abuja bisa wannan zargi, ta kuma buɗe shi bayan an cim ma daidaito da masu shi. Dokar da ta kafa hukumar, ta 2018, ta wajabta wa mai kanti ya bayyana farashi, ta kuma hana shi karɓar fiye da abin da ya rubuta. Wannan doka ba ta Abuja ce kaɗai ba, tana aiki a Lafiya da Akwanga da Keffi.

Idan muka juya ga ɗanyen kaya, a nan ne mutumin Lafiya ya fi kowa dalilin buɗe ido, domin a tsakiyar gona yake zaune. Doya tana fitowa daga ƙauyukan da ke kewaye da shi, kasuwar Agyaragu kuwa sananniya ce wajen masu lodinta. Ƙasar Doma ta yi suna a riɗi da shinkafa, a can ne ma kamfanin Olam ke da babbar gonarsa a Rukubi. Ga gishirin Keana da na Awe, ga lemon Binuwai a kudu, ga dankalin Turawa na Filato a arewa. Tumatir da albasa ne kan yi doguwar tafiya da rani, daga fadamun Kano da Sakkwato da Kebbi. Mai kanti ba shi da wata gona tasa. Daga kasuwar Alhamis ko babbar kasuwar gari yake sayo kayan miya, ya wanke, ya ɗaure a leda, ya ɗora kuɗin leda da na sanyi da ribarsa. Ashe ke nan da wuya tumatirin kanti ya fi na kasuwa araha, tun da ɗan kasuwa ne ya sayar masa.

Har ila yau, sanyin da ake taƙama da shi ba kowane kaya yake yi wa amfani ba. Doya ba ta son sanyi mai tsanani, in ta daɗe a cikinsa sai cikinta ya canja launi ta fara ruɓewa. Tumatir yakan rasa ɗanɗanonsa a firji, in kuma aka ƙulle shi a leda sai ya yi gumi ya lalace daga ƙasa. Dankalin Turawa da aka bari ƙarƙashin hasken lantarki yakan yi kore, wannan koren kuwa alamar wani sinadari ne mai ɗaci da ke ɓata ciki. Kifi da kaji na ƙanƙara su suka fi haɗari. Duk lokacin da wuta ta ɗauke aka yi jinkirin tayar da janareta, sukan narke su sake daskarewa. Alamar haka ita ce ka ga jini ko ruwa ya daskare a gindin ledar, ko naman ya manne wuri ɗaya ya zama dunƙule. Haka nan gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, ko kyauta aka ba ka kada ka kai wa iyalinka.

Amma fa kada mai karatu ya zaci cewa muna wanke kasuwa ne. Kowa ya san mudun da aka bubbuge wa gindi, da kwandon tumatir mai kyakkyawar fuska da ruɓaɓɓen ciki, da shinkafar da ake ƙara wa nauyi da tsakuwa. Kowa ya san yadda ake yanka wa mutum farashi bisa ga rigarsa ko motarsa. Akwai masu nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabaid, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Akwai kuma masu zuba wa wake maganin ƙwari fiye da ƙima, wanda shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Ta wannan fuska kanti ya yi wa kasuwa fintinkau, domin a can farashi a rubuce yake, sikeli yana nuna nauyi, akwai ranar lalacewa a jikin kaya, akwai kuma rasit da mutum zai riƙe ya yi ƙorafi. Ita kuma kasuwa tana da tayi da gyara da sabon kaya, tana kuma sayar wa talaka daidai kuɗin aljihunsa.

Wasu na kira ga gwamnati ta ƙayyade farashi kawai a huta. An gwada wannan a baya. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar ƙayyade farashi a 1970, aka sake yin doka a kai a 1977, sa'an nan a 1984 sojoji suka riƙa tilasta wa 'yan kasuwa buɗe rumbuna a sayar da kaya a farashin gwamnati. Abin da ya biyo baya shi ne dogayen layukan madara da sukari da sabulu, kaya kuma suka koma bayan fage da ninkin kuɗi. Aikin da hukuma za ta iya yi, wanda kuma doka ta riga ta ɗora mata, shi ne tabbatar da gaskiyar awo da gaskiyar rubutu. Akwai dokar ma'auni tun 1974, akwai sashen da ke kula da ita a Ma'aikatar Ciniki ta Tarayya. Ya kamata jami'ansa su riƙa zagaya kantuna da kasuwannin Lafiya suna gwada sikeli. Ya kamata Gwamnatin Jihar Nasarawa da ƙaramar hukuma, tare da shugabannin kasuwa, su fito da mudu ɗaya mai hatimi wanda kowa zai yi awo da shi. Ma'aikatan duba-gari kuma su riƙa leƙa firjin kifi da nama ba tare da sanarwa ba.

Su kuma masu kantuna, shawararmu gare su ita ce su ƙulla ciniki kai tsaye da ƙungiyoyin manoma da masu injin casar shinkafa na jihar, maimakon ɗauko kayan da suka zagaya ta Abuja suka dawo. Ta haka ne kaɗai rangwamensu zai samu tushe, manomi ma ya samu mai saye tsayayye. Su riƙa rubuta kuɗin kilo ɗaya ko lita ɗaya a gefen kowane farashi, kamar yadda ake yi a ƙasashen Turai, su kuma ware kayan da suka kusa lalacewa wuri guda da sanarwa a fili.

Kai kuma magidanci, da ke uwargida, dabara tana hannunku. Ku raba cefane gida biyu. Doya da hatsi da kayan miya da 'ya'yan itace, a nufi kasuwa da sassafe lokacin da kaya ke sauka, in da hali a haɗa kuɗi da maƙwabta a sayi buhu ko ƙwaryar doya a raba. Kayan gwangwani da man girki da sabulu kuwa, kanti ya fi aminci, amma a shiga da takardar abin da ake bukata, a duba nauyi da ranar lalacewa da lambar NAFDAC, a kuma karanta rasit kafin a bar ƙofa. In an ga bambanci tsakanin abin da aka rubuta da abin da aka karɓa, a yi magana nan take cikin ladabi, in ba a gyara ba a kai ƙara. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a zamanin leda da kwali tilas ido ya nemi taimakon lissafi.

Allah ya yalwata mana abinci, ya sa albarka a cikin abin da muke samu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.