Daga Garwa zuwa Kuseri da motar lantarki: igiyar caji tilas ce, amma ita kaɗai ba ta kai mutum gida

Tun daga shekarar 2023 lissafin masu ababen hawa a arewacin Kamaru ya sauya. A watan Fabrairun wannan shekara gwamnati ta ɗaga farashin litar fetur daga sefa 630 zuwa 730, bayan shekara guda ta kai shi 840. A tsakanin haka, ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai a Najeriya, sai man zuwa-zuwa da ake sayarwa a kwalabe a Garwa da Marwa da Kuseri ya rasa arahar da aka san shi da ita. Dokar kasafin kuɗin Kamaru ta 2025 kuma ta sassauta harajin shigo da sabbin motoci da babura masu aiki da lantarki. A Maiduguri, maƙwabciyarmu, gwamnatin Borno ta zuba tasi masu lantarki a kan titi tun ƙarshen 2023.

Wannan ne ya sa 'yan kasuwa da ma'aikata suka fara tambayar da a baya ba ta taɓa zuwa musu ba: in na sayi irin wannan mota, me zan riƙe a hannu idan tafiya ta kama ni? Amsar farko ita ce igiyar caji ta tafi-da-gidanka, wadda ake cusa kanta ɗaya a jikin mota, ɗayan kuma a soket na bango irin na kowane gida. A tsakiyarta akwai ɗan akwati da ke kula da ƙarfin wutar, yana kuma yanke ta idan ya ga matsala.

A Faransa ko Jamus, direba na iya yin shekara bai ciro wannan igiya daga bayan mota ba, domin manyan hanyoyinsu cike suke da tashoshin caji mai sauri. A babbar hanya ta 1, wadda ta bi ta Ngaundere, Garwa, Marwa da Mora har Kuseri, matafiyi ba shi da wannan gata. Abin da zai iya dogaro da shi shi ne soket ɗin otal, ko na gidan ɗan'uwa, ko na shagon aboki, kuma babu mai ba shi aron igiya a can. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin da lissafi ya nuna

Daga Garwa zuwa Marwa kusan kilomita 210 ne, daga Marwa zuwa Kuseri kuma kusan 260. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin kimanin kilowat-awa 17 a kowane kilomita 100. Mu ɗauki mota mai batir na kilowat-awa 50. Cikinta ba zai kai ta kilomita 300 ba, don haka tsayawa a Marwa wajibi ne.

Kafin ta isa Marwa ta cinye kusan kilowat-awa 36. Wutar gida a Kamaru volt 220 ce, kuma yawancin waɗannan igiyoyi amfiya 10 suke ja daga soket, wato kilowat 2.2. Mayar da abin da aka cinye zai ɗauki sama da awa 16, in an haɗa da ɗan abin da ke salwanta wajen caji sai ya doshi awa 18. Wanda ya sauka da magariba ba zai tashi da asuba ba, sai bayan azahar. Idan an sami soket mai ƙarfi da ke ɗaukar amfiya 16, lokacin zai sauko zuwa kusan awa 12, amma wannan sai inda aka ja waya mai kauri musamman dominsa.

Sashe na biyu ya fi ban tsoro. Kilomita 260 na buƙatar kusan kilowat-awa 44 daga cikin 50. Hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri ta daɗe da lalacewa, kuma aikin gyaranta ya tsaya cik bayan da 'yan Boko Haram suka sace ma'aikata 'yan ƙasar Sin su goma a Waza a watan Mayun 2014. Ramuka, da na'urar sanyaya mota a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, duk suna ci daga wancan ɗan rarar. Mai motar fetur da mansa ya ƙare zai sayi kwalba a bakin hanya ya wuce. Mai motar lantarki da batir ya mutu masa a dajin Waza da yamma, igiyar da ke bayan motarsa ba ta da inda za a cusa ta.

Wutar ma sai ta samu

Igiya ba ta haifar da wuta, ɗauko ta kawai take yi. Jihohin arewa uku sun dogara ne da madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72. Idan ruwa ya ja baya a rani, abin da take bayarwa yana raguwa ƙwarai, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider sun kawo sauƙi. Ana kuma jiran layin da zai haɗa kudu da arewa har zuwa Chadi, wanda zai hauro da wutar madatsar Nachtigal mai megawat 420. Kafin wannan ya tabbata, awa 18 na lissafi na iya zama kwana biyu idan an ɗauke wuta da dare.

Ƙaramin janareta da ke kunna fanka da talabijin ba zai iya ɗaukar mota ba. Gidaje da yawa kuma ba su da wayar ƙasa, kuma igiyoyi da dama suna ƙin aiki idan ba su same ta ba. Mafi haɗari shi ne ƙara tsawo da siririyar waya ta kasuwa: awa goma tana ɗauke da amfiya 10, za ta yi zafi, ta narke, ta iya tada gobara a gidan wanda ya yi maka alheri.

Bakin igiya da kan iyaka

Motocin da ke shigowa ba bakin caji ɗaya ke gare su ba. Na Turai suna da nasu, Type 2. Waɗanda aka ƙera don kasuwar Sin suna da GB/T. Na Japan da Amurka kuma daban. Mai saye ya tabbatar igiyar ta dace da motar tun kafin ya biya kuɗi, ya kuma gwada ta a gaban dillali.

Ga al'ummarmu da zumunci da kasuwanci suka raba tsakanin ƙasashe, akwai ƙarin magana. Soket na Kamaru irin na Faransa ne, mai ramuka zagayayyu, kuma shi aka fi samu a Njamena da Nijar. Na Najeriya irin na Ingila ne, mai ƙafa uku masu faɗi. Wanda zai tashi daga Garwa zuwa Yola, ko daga Kuseri ta Fotokol zuwa Gamboru, yana buƙatar mahaɗi mai inganci da zai jure wuta ta tsawon dare, ba irin wanda ake cajin wayar salula da shi ba.

Akwai kuma haƙƙin mai masauki. Cika batir a Marwa na cin kusan kilowat-awa 40. A sefa 100 kowane ɗaya, jaka huɗu ke nan, kuma a mita mai kati nan take za a ga kuɗin sun zube. A yi magana tun farko, a biya, don kada kunya ta ɓata zumunci. Ko da haka riba na nan: kilomita 100 da lantarki bai kai sefa 2,000 ba, alhali motar da ke shan lita 7 za ta ci kusan 5,900.

Ina mafita?

A cikin gari, ko tsakanin Kuseri da Njamena ta gadar Ngeli, motar lantarki da igiyarta sun wadatar: a yi caji da dare, a yi zirga-zirga da rana. Babura da kekuna masu ƙafa uku ma sun fi dacewa da wannan tsari, domin batirinsu ƙarami ne. Doguwar tafiya kuwa tana buƙatar shiri: a san inda za a kwana, a tambayi ƙarfin wutar wurin, kada a bar Marwa ko Mora sai batir ya cika, kuma a bi hanyar da rana.

Sauran aikin na hukumomi ne da masu jari. Otal a Garwa ko Marwa da ya kafa soket mai ƙarfi guda biyu a farfajiyarsa ya sami sabbin baƙi da kuɗi kaɗan. Gidan mai a Mora ko Waza da ya haɗa faifan sola da batir ya rufe giɓin da ya fi kowanne haɗari. Sassaucin haraji zai shigo da motocin, amma wuraren caji a kan hanya ne za su sa mai mota ya kama hanyar Kuseri hankalinsa kwance.