Mutanen Zango, Ku Rubuta wa 'Yan Majalisa: A Tsige Akufo-Addo!

Iyayenmu da malamanmu, iyayenmu mata na kasuwa, samari da 'yan mata na Nima da Mamobi da Newtown da Kotobabi da Alajo har zuwa Circle.

Mun gaji da kuka a majalisar ataya. Mun gaji da ƙorafi a cikin turoturo, a sauka kowa ya kama gabansa. Kukan da ba a kai shi inda ake yanke hukunci ba, iska ce ke kwashe shi. Wannan takarda ta 2023 tana roƙon ku abu ɗaya: kowane mai ƙuri'a ya ɗauki biro da takarda, ya rubuta wa ɗan majalisarsa cewa ya sa hannu a fara shirin tsige Shugaba Nana Akufo-Addo, kamar yadda sashe na 69 na Tsarin Mulkin 1992 ya tanada.

ME YA YI?

Tsarin mulki ya ce ana iya cire shugaban ƙasa idan ya karya rantsuwarsa ko wani sashe na tsarin mulkin da gangan, ko ya zubar da mutuncin kujerarsa, ko ya aikata abin da zai cutar da tattalin arziki ko tsaron ƙasa. Ku auna da kanku.

A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6. Kafin ƙarshen Nuwamba ta haura sidi 14 a hannun 'yan canji. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Mai sayar da waakye ta san ma'anar wannan lissafi tun kafin a buga shi a jarida, domin ita ke zuwa sayen shinkafa da mai. Mai sayar da kayan waya a Tiptoe Lane ya sani, domin kuɗin da ya sayar da kaya jiya ba ya sayo masa irinsu yau. Ana cikin haka suka ɗora E-levy a kan momo daga watan Mayu 2022, har kuɗin da ɗa ke tura wa tsohuwarsa a ƙauye sai an gutsura. Da 2023 ta shigo suka ƙara harajin VAT.

Sun yi ta bugun ƙirji cewa Gana ba za ta je wurin IMF ba. Ranar 1 ga Yuli 2022 suka ba da sanarwar tafiya. Ranar 19 ga Disamba 2022 Gana ta daina biyan akasarin bashinta na waje, ƙasar Kwame Nkrumah ta shiga sahun waɗanda suka kasa biyan bashi.

Ranar 30 ga Oktoba 2022 shugaban ƙasa ya fito a talabijin ya ce ba za a yi wa kuɗin kowa aski ba, ya ƙara mana da cewa kuɗi ba sa son hayaniya. Mako biyar bayan nan, ranar 5 ga Disamba, ministan kuɗinsa kuma ɗan'uwansa na jini, Ken Ofori-Atta, ya fito da shirin musanya takardun lamunin gwamnati. Aski ya zo gaban goshi. A Fabrairu 2023 tsofaffin 'yan fansho, wasu da sanda a hannu, suka riƙa zama a harabar Ma'aikatar Kuɗi suna roƙon a bar musu abin da suka tara. Cikinsu har da tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo, wadda shi Akufo-Addo ne ya naɗa ta a 2017. Babban Bankin Gana kuwa ya ba da rahoton asarar sidi biliyan 60.8 a 2022.

Ga batun karya tsarin mulki kuma, kotu ta riga ta yi magana. A Yuli 2020 shugaban ƙasa ya tilasta wa Odita-Janar Daniel Domelevo tafiya hutu, mutumin da ke bin diddigin kuɗin jama'a ba sani ba sabo. Ranar 31 ga Mayu 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa wannan umarni ya saɓa wa tsarin mulki. An kore mai gadi, sannan aka ce mana rumbu ya ƙone. A Yuli 2023 muka ji cewa an sace dala miliyan ɗaya da yuro dubu 300 a gidan ministar tsafta, Cecilia Dapaah. Da ta ajiye aiki, shugaban ƙasa ya rubuta mata cewa yana da yaƙinin za a wanke ta, tun bincike bai yi nisa ba. Wannan ita ce ministar da aka danƙa wa alkawarin mayar da Ankara birni mafi tsafta a Afirka. Duk mai son ganin inda alkawarin ya kwana, ya zo ya leƙa babban gwatan da ke tsakanin Nima da Mamobi.

Mu a Zango muna da namu lissafin daban. An kafa mana ma'aikatar raya Zango a 2017 da kiɗa da ganga, aka rushe ta a 2021 bayan an karɓi ƙuri'a. A Maris 2018 aka tashi masu shaguna da masu sana'a da ke kusa da gidansa na Nima, maƙwabtansa na shekara da shekaru. A Ejura, ranar 29 ga Yuni 2021, aka harbe samari biyu cikin masu zanga-zangar kisan Kaaka. A Ashaiman, ranar 7 ga Maris 2023, sojoji suka faɗa wa unguwa da asuba suna dukan wanda ya ji da wanda bai ji ba. Shi ne babban kwamandan askarawan ƙasa a lokacin.

YADDA AKE TSIGE SHUGABA

Hanyar a fili take. Da farko kashi ɗaya bisa uku na dukan 'yan majalisa su sa hannu a takardar sanarwa, tare da bayanin laifuffuka da hujjoji, su miƙa wa Kakaki. A 2023 majalisarmu tana da kujeru 275, wato ana bukatar hannu 92. Kakaki ya sanar da Alƙalin Alƙalai nan take. Shi kuma ya zauna da manyan alƙalan Kotun Ƙoli huɗu, a asirce, su duba ko akwai ƙanshin gaskiya a zargin. Idan akwai, magana ta dawo majalisa a yi muhawara, sannan a kaɗa ƙuri'a a asirce. Sai kashi biyu bisa uku sun amince, wato mutum 184.

A 2023 NDC tana da kujeru 137. Hannu 92 muna da su da rara. Abin da ya rage a lokacin shi ne mutum 47 daga ɗaya ɓangaren, kuma a nan ne wasiƙarka ke da aiki.

Mun ga abin da ke faruwa idan 'yan majalisarmu suka shiga fage ba tare da jama'a a bayansu ba. Ranar 8 ga Disamba 2022 aka kaɗa ƙuri'ar cire Ken Ofori-Atta. 'Yan NDC 136 suka jefa ƙuri'a, 'yan NPP suka tashi suka fice daga zaure, magana ta mutu. Ya ci gaba da zama kan kujera. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

WASIƘA TANA AIKI?

Wani zai ce ɗan majalisar NPP ba zai taɓa juya wa ubangidansa baya ba. Ku tuna 25 ga Oktoba 2022. A ranar ne 'yan majalisar NPP kimanin 80, da Andy Appiah-Kubi na Asante Akim North a matsayin bakinsu, suka kira 'yan jarida suka ce a kori ministan kuɗi. Da bakinsu suka faɗi dalili: sun je hutu mazaɓunsu, mutanensu suka hana su sakat. Daga baya aka kira su fada aka lallashe su, suka janye. Sun janye ne saboda matsin fada ya ci gaba, namu kuwa ya tsaya. Maganar baki a wurin jana'iza ko suna tana wucewa da ranar. Wasiƙa dubu da sunaye da rumfunan zaɓe a jiki tana nan a kan tebur, ana ƙirga ta, kuma ɗan siyasa ba abin da ya iya kamar ƙirga. Tamanin sun fi 47.

Ku tuna kuma 7 ga Janairu 2021. Da ƙuri'ar asirce aka zaɓi Alban Bagbin Kakaki, ya sami 138, alhali kujerunmu ba su kai haka ba. Idan ba mai leƙen takardarsa, ɗan majalisa yakan tuna da gida.

A wasu ƙasashe an yi an gani. A Amurka, cikin Oktoba 1973, da Shugaba Nixon ya sa aka kori lauyan da ke bincikensa, talakawa suka yi wa majalisa ruwan wasiƙu da telegiram. Majalisa ta buɗe binciken tsigewa, 'yan jam'iyyarsa suka fara zamewa, ya sauka ranar 9 ga Agusta 1974. A Koriya ta Kudu jama'a suka cika tituna, suka kuma cika wayoyin 'yan majalisa da saƙonni. Ranar 9 ga Disamba 2016 mutum 234 cikin 300 suka zaɓi tsige Shugaba Park Geun-hye, da yawansu 'yan jam'iyyarta, kotu ta tabbatar a Maris 2017. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba.

MASU CEWA A BARI

A 2023 akwai masu cewa zaɓe ya kusa, a yi haƙuri zuwa 7 ga Disamba 2024. Mai haƙuri yakan dafa dutse, gaskiya ne, amma mai ciwon suga da kuɗin maganinsa ya ninka ba zai iya ce wa ciwo ya jira shekara ba. Kuma idan shugaba ya san cewa a zangonsa na biyu ba mai taɓa shi, tunda ba zai sake neman ƙuri'a ba, to mun koya wa duk mai zuwa bayansa cewa shekara huɗun ƙarshe na wasoso ne. Sashe na 69 saboda irin wannan lokaci aka rubuta shi.

A 2023 akwai masu cewa ai in an cire shi Dakta Mahamudu Bawumia ne zai hau, shi da ya shugabanci kwamitin tattalin arzikin da ya kai mu nan. Haka tsarin mulki ya ce, mataimaki ne zai ƙarasa wa'adin. Wannan ma shi ne ya rufe bakin 'yan majalisar NPP: mulki ba zai bar jam'iyyarsu ba, don haka ba su da uzurin kare mutum ɗaya. Shi kuwa Bawumia, tunda jam'iyyarsa ta tsayar da shi ranar 4 ga Nuwamba 2023, mun haɗu da shi a akwati a 2024. Kada wani ya zo masallaci ya ce mana namu ne. Buhun shinkafa bai san sunan mai saye ba.

Akwai kuma dattawan da ke tsoron fitina, kuma tsoronsu abin girmamawa ne. Mun ga Mali da Gini da Burkina Faso, mun ga Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, inda da yawanmu ke da dangi. Soja yakan sami ƙofa ne a inda talaka ya yanke ƙauna daga majalisa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan namu shi ne mu sa majalisa ta yi aikinta. Mun yi tattaki daga Obra Spot ranar 5 ga Nuwamba 2022, mun sake yi ranar 3 ga Oktoba 2023 zuwa Babban Banki, gwamnan bankin bai ko fito ya karɓi takardarmu ba. Wasu da suka fito ranar 21 ga Satumba 2023 don zuwa Jubilee House, kama su aka yi. Wasiƙa kuwa ba ta bukatar sanar da 'yan sanda, kuma ba a fesa mata barkonon tsohuwa.

ABIN DA ZA KA YI A WANNAN MAKO

Rubuta da hannunka, gajere, shafi ɗaya ya isa. Da Turanci ko da Hausa, boko ko ajami. Zango gidan alƙalami ne tun zamanin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, kada a ce jikokinsa sun kasa cika shafi. Wadda ba ta rubutu ta sa ɗanta ko jikanta ya rubuta, ta dangwala yatsa.

Sa cikakken sunanka, unguwarka da rumfar da kake zaɓe, domin ya san mai ƙuri'a ne ke magana.

Faɗi abu ɗaya da ya same ka: jarin da ya karye, haya, kuɗin makaranta, fansho. Faɗi gaskiya, kada ka ƙara gishiri.

Nemi abu ɗaya: ya sa hannu a sanarwar sashe na 69, ya kuma ba ka amsa a rubuce.

Ban da zagi, ban da barazana, ban da maganar ƙabila ko addini. Zagi zai ba shi dalilin jefa takardarka a kwandon shara.

Rubuta sunan ɗan majalisar da mazaɓarsa a bayan ambulan, sai Parliament House, Accra. Kai gidan waya na Accra North da ke Circle, ko ka miƙa a ofishinsa na mazaɓa. Ɗauki hotonta da waya ka ajiye.

Mutanen Nima, a 2023 naku shi ne Naser Toure Mahama na Ayawaso East. Mutanen Mamobi, ku rubuta wa Yussif Jajah na Ayawaso North. Namu ne, amma su ma su shiga zaure da kaya a hannu. Mutanen Kotobabi da Alajo, a 2023 naku shi ne Henry Quartey na Ayawaso Central, ɗan NPP, kuma wasiƙarku ta fi ta kowa nauyi. Sannan kowa ya buga waya ga danginsa a Zangon Tafo da Suame da Koforidua da Kasoa da Yendi, inda 'yan NPP ke riƙe da kujeru a 2023. A farkon 2024 suka shiga zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsu, daga nan suka zo neman ƙuri'armu. Yanzu ne kunnensu ke buɗe, kuma da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Iyayenmu mata na kasuwar Nima da Malam Atta, ku haɗa naku layi-layi. Direbobi da 'yan okada na Circle, ku haɗa naku tasha-tasha. A kowane gida kada a rasa wasiƙa ɗaya kafin Juma'a mai zuwa. Idan ka gama karanta wannan takarda, miƙa wa maƙwabcinka.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya zaunar da Gana lafiya. Amin.

Zango, mu taru a ƙarƙashin lema. Eye Zu! Eye Za!