RA'AYINMU: Fasinja Ba Buhun Gero Ba Ne

Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, tashar jirgin ƙasa ta zama ƙofar baƙi, kuma da baƙin nan ne Sabon Gari ta cika. Jirgin dai ya sha tsayawa yana tashi. An farfaɗo da na Legas a Disamba 2012, daga baya ya sake yin rauni. Amma titunan da ke kewaye da tashar, daga Fagge zuwa Kantin Kwari, zuwa Bata da kasuwar Sabon Gari, ba su taɓa hutawa ba. A kansu ne talaka ke shiga Adaidaita Sahu ɗaya da mutanen da bai taɓa gani ba, kowa ya biya nasa.

Ya kamata a tuna asalin keken nan. A zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau aka kawo shi, a 2005, domin mata su daina hawan acaɓa. Wato saboda mutuncin fasinja aka kawo shi. Da aka hana acaɓa a Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, sai nauyin gari duka ya koma kansa. To, ina mutuncin ya tafi?

Kujerar baya ta mutum uku ce. Sau da yawa sai a cusa na huɗu, a ɗora wani a gefen direba, ƙafarsa ɗaya a waje. Tsohuwa mai ƙullin kaya, da mace mai goyo, haka za su haƙura. Abin da ya fi damunmu kuwa shi ne kuɗin hawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayu 2023, farashi ya koma a bakin direba. Ɗan gari ya san yadda zai yi ciniki. Amma 'yan'uwanmu da ke zuwa daga Kafancan ko Zonkwa, da zarar an ji Hausarsu ba ta Kano ba ce, sai a ce musu ai shata suka ɗauka, bayan an ɗebi wasu a hanya. Ga kuma ɓarayin waya da ke shiga kamar fasinjoji.

Ba mu ce direbobi duka azzalumai ba ne. Da yawansu keken ba nasu ba ne, sai sun kai wa mai shi balas kowace rana kafin su sa wa iyali tukunya, kuma akwai su a cikin ikilisiyoyinmu. Sai dai mun lura, a yajin aikin da suka yi a 2021 da kuma Janairu 2022, rigimarsu da hukumar KAROTA duk a kan haraji da rajista ne. Jama'a suka yi ta taka sayyada, aka sasanta, ba wanda ya ta da maganar wanda ke zaune a baya.

Saboda haka muna kira ga KAROTA da hukumar jiragen ƙasa da shugabannin direbobi, su fara daga bakin tashar nan. A kafa allo da Hausa da Turanci mai nuna kuɗin haɗaka da na shata zuwa manyan unguwanni, a riƙa sabunta shi idan mai ya tashi ko ya sauka. Lambar rajistar keke kuma, a rubuta ta a ciki, a bayan kujerar direba, inda fasinja zai karanta ta yana zaune, ba sai keken ya wuce da jakarsa ba.