Kiɗan Wasannin Kwamfuta Sana'a Ce, Amma Ƙofarta Lissafi

Akwai wani fannin ilmi da jami'o'in Ingila da Amurka da waɗansu ƙasashe su ke koyarwa, wanda ya kamata malaman makaranta su san labarinsa tun kafin wani almajiri ya tambaye su su rasa ta cewa. Shi ne ilmin sarrafa kiɗa da sauti da na'ura. Waɗansu daga cikin masu gama shi su kan sami aiki a kamfanonin da ke ƙera wasannin kwamfuta. Mun san abin da mai karatu zai ce: kiɗa da wasa, wargi biyu ke nan aka gama, ina abin zuwa jami'a? A ganinmu an yi gaggawar yanke wannan hukunci.

A duba labarin Koji Kondo, mutumin Japan. Ya yi karatu a wata jami'ar fasaha a Osaka, ya kama aiki a kamfanin Nintendo a 1984, a 1985 kuwa ya tsara kiɗan wasan Super Mario Bros. Na'urar da ya yi wa kiɗan ba ta iya fitar da murya fiye da 5 a lokaci guda. Tilas ya san halin na'urar kamar yadda maƙeri ya san halin ƙarfe, in ba haka ba gwanintarsa ta kiɗa ba za ta yi masa rana ba.

Na'urorin yanzu sun wuce wannan ƙunci, amma wata wahala ta na nan, ita ce kuma gindin maganarmu. Kiɗan sinima an san farkonsa da ƙarshensa, kowane ɗan kallo abu guda zai ji. Wasan kwamfuta ba haka ya ke ba. Mai wasa shi ke zaɓen inda zai bi: ko ya tsaya, ko ya ruga, ko ya faɗa cikin abokan gaba. Wanda ya taɓa tsayawa a dandalin dambe ya san yadda makaɗi ke sa ido ga ɗan dambe, ya sassauta in ana zagaye, ya tsananta in an haɗu. To, abin da a ke so na'ura ta yi ke nan, alhali makaɗin ba ya wurin. Sai a yanka kiɗan gunduwa-gunduwa, a kafa wa na'ura sharuɗɗa: in kaza ya faru ƙara ganga, in hatsari ya wuce koma ga sarewa, kuma kada kunne ya ji wurin ɗinkin. Akwai manhajoji da aka yi musamman domin wannan, kamar FMOD daga Ostareliya da Wwise daga Kanada. Haka kuma takun ƙafa da kukan ƙofa da kaɗawar iska, duk sai wani ya ɗauke su ko ya ƙirƙire su, ya kuma lissafa yadda za su ragu in mai wasa ya yi nisa ko ya shiga bayan bango.

Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da lissafi da kimiyya. Sauti girgizar iska ce. Kunnen yaro mai lafiya ya kan ji daga girgiza 20 zuwa wajen 20,000 a daƙiƙa guda, faifan CD kuwa ya na auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Ɗalibi zai koyi dalilin waɗannan alƙaluma, ya koyi rubuta umurni da harshen kwamfuta irin su C++. Jami'ar Surrey ta Ingila tun 1970 ta ke gama kiɗa da kimiyyar sauti a kwas ɗaya, makarantar DigiPen ta garin Redmond a Amurka kuwa ta na ba da digiri a kan tsara sautin wasanni.

Batun daraja ba ma sai mun daɗe a kansa ba. A 2011 waƙar Baba Yetu, wadda Christopher Tin ya tsara da harshen Swahili domin wasan Civilization IV, ta ci lambar Grammy. A 2023 aka fara ba da lambar ta musamman ga kiɗan wasanni.

Amma fa kada malami ya yi wa yaro romon baka. Masu son su tsara kiɗa sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, kuma da dama aikin ƙodago su ke yi, in wasa ya ƙare sai a sake nema. Sana'ar kanta ba ta da tabbas: a watan Janairu na 2024 kamfanin Microsoft ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashensa na wasanni. Wanda kiɗa kaɗai ya iya, ran da aka sallame shi ya shiga uku. Wanda ya iya lissafin sauti da harshen kwamfuta kuwa ya na da gidan rediyo da talabijin da sinima da masu ƙera wayoyi a gabansa.

Saboda haka in almajiri ya zo da wannan buri, muna roƙon malami kada ya yi masa dariya, kada kuma ya tafa masa. Ya buɗe littafin sakamakonsa ya duba lissafi da kimiyya tukuna. Sa'an nan su karanta manhajar kwas ɗin tare, gama ba kowane mai wannan suna ne ya ke da nauyi ɗaya ba. Waɗansu ɗakin ɗaukar murya ne kawai aka yi wa kwalliya. A tambaya ko a na koyar da harshen kwamfuta, ko ɗaliban sauti su na aiki tare da ɗaliban da ke ƙera wasa, ko kuma a kan tura su kamfani su yi shekara guda su na koyon aiki. Masu ɗaukar ma'aikata a wannan fanni su kan nemi su ji abin da mutum ya riga ya haɗa da hannunsa kafin su dubi takardar shaidarsa.